Layin da Ka Ce Kada a Goge

Ranar Asabar, tara ga wannan wata, da hantsi, matarka ta kira ni ta ce ka yanke jiki ka faɗi, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma. Sai da na ajiye wayar na tuna ranar Juma'a muka rabu a ƙofar ofis, kana yi mini tsiya kan tsohuwar jakata.

Mai Mudu muke kiranka, kuma kai ka jawo wa kanka. Manhajarmu tana zana wa masu hannun jari yadda jarinsu ke hawa da sauka, amma mu masu rubuta ta kashi uku ne, kowane kashi da harshen kwamfutarsa: masu sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, da Python, masu shafin intanet da TypeScript, mu na waya da Kotlin. Kafin zuwanka kowa gaban kansa yake yi. Kai ka rubuta fayil guda da ya fayyace siffar kowane bayani: yadda ake rubuta kwanan wata, yadda ake rubuta farashi, lamba nawa ke bin ɗigo. Daga nan kowane harshe ke ɗiban nasa. "Kasuwa ɗaya, mudu ɗaya," haka kake cewa, har muka gaji da ji.

A shekarata ta farko na sa sifili a gurbin farashin da bai iso ba, layin jadawali ya faɗo ƙasa warwas. Wata malamar makaranta mai ritaya ta hawo bene uku ta same mu, a zatonta gumin shekara talatin ya salwanta. Kai ka ba ta kujerarka, ka kawo ruwa, ka zana mata gaskiyar lamarin a takarda. Ba ka ambaci sunana ba, har gaban manaja. Bayan ta tafi ka jawo kujera kusa da ni ka ce, "Ƙanwata, abin da ba mu sani ba, mu ce ba mu sani ba." A ranar ka ƙara doka a fayil: farashin da bai zo ba, a bar masa giɓi.

Taurin kai kuwa, Allah Ya ba ka. Sai a yi mako biyu ana ja-in-ja da kai kan layi ɗaya, shayinka na hucewa a gefen kwamfuta. Na sha yi maka gunaguni a zuci, yanzu kunya nake ji.

Tun bara manaja ke son a watsar da fayil ɗin, wai yana jan ƙafar aiki. Kai kaɗai ka tare ƙofa. Ranar Juma'ar da muka rabu ka ƙara wani layi, ka rubuta a samansa: "Kada a goge. Zan yi bayani Litinin." Na karanta shi ya fi sau arba'in, ban gano wace ɓarna yake tarewa ba, kuma babu wanda ya gano. Ranar Laraba aka sanar cewa daga wata mai zuwa kowane ɓangare zai koma tsara nasa. Na miƙe na yi magana, muryata ba ta kai taka ba. Manaja ya ce, "Allah Ya jiƙansa, amma aiki ba ya jira." Na san inda za a ƙare: waya ta nuna farashi ɗaya, shafi ya nuna wani, wata malamar ta sake hawo benen nan. Ba ni da fatan za ta tarar da mai ba ta kujera.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya auna maka rahama da mudu mai tozo. Ya ba matarka da 'ya'yanka mata biyu haƙuri, Ya dafa wa mahaifiyarka da har yanzu take ajiye maka abinci.

Litinin biyu sun wuce, Yaya. Layin yana nan, ni dai ban goge ba.