Ragunan Orrin

Bara kwamitin gasar garinmu ya ba rundunar yayana Orrin sifili a makin tsari, kuma mai sifili ba a ba shi tebur. Ya koma gida da akwatinsa bai buɗe ba.

Orrin Vandehey direban tankar madara ne tun yana saurayi, har gwiwa ta ajiye shi. Bai yi aure ba. Tun muna yara yake wasan yaƙin tebur: a fenta ƙananan sojoji na dalma da roba, a jera su, a auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwayar lido a ga wa ya faɗi. Rundunarsa ɗaya ce tun fil azal, wadanni masu gemu a kan raguna. Ba maharba, ba igwa, ba boka. Kowane rago shi ya murɗa masa ƙaho da waya da danƙo, launinsu kuwa daga ragunan gonakin da yake wucewa da tanka ya kwaso.

Ba ya cin wasa. Raguna su ruga, a harbe rabi a hanya, sauran su yi karo, wasa ya ƙare. Amma duk Fabrairu, a ɗakin ƙasan coci inda ake gasar, inda nake dafa wa mutane miyar wake da kofi, teburinsa ne ake zagayewa.

Akwai wani Milo Szabo, mai gyaran haƙori, da yake zuwa da dodanni masu aman wuta iri ɗaya har huɗu, ya ƙone kowa kafin kofi ya huce. Mutane suka gaji. Sai kwamiti, ƙarƙashin Tad Brekke, ya kawo makin tsari: wanda ya cakuɗa sojoji iri-iri a ƙara masa, wanda ya maimaita iri ɗaya a rage masa. Wai don a ga runduna kala-kala.

Ina tsaye da ludayi lokacin da Tad ya tare Orrin a bakin ƙofa.

"Dattijo, ka yi haƙuri, ba ka kai ba. Maimaici ya yi yawa."

"Tad, yaushe rabon da ragona ya kashe wani?"

"Doka ba ta san rago ba, ba ta san dodo ba."

Milo ya leƙo daga ciki ya ce, "Haba shugaba, ku bar shi ya shigo mana. Da me zan karya kumallo?"

Aka yi dariya, har da Orrin. Ya sha miya kwano ɗaya, ya tafi.

Gasar nan ita ce kaɗai inda yake zuwa a shekara. Saboda haka da bazara ya ɗauki ƙaramar wuƙa ya ɓamɓare wadannin daga bayan ragunansu, ya miƙe musu ƙafa, ya mai da su sojan ƙasa. Ya nemo igwa da boka. Ragunan ya zuba su a kwalin takalmi ya tura ƙarƙashin gado.

Na ce, "Yaya, aikin shekara da shekaru?"

Ya ce, "Lorna, so nake in shiga."

Bana ya shiga. Na zagaya da butar kofi na duba tebur-tebur: sojan ƙasa gungu biyu, maharba, igwa ɗaya, boka ɗaya, dodo ɗaya. Ko'ina haka, fenti ne kawai ya bambanta. Milo ya riga ya zauna ya gano haɗin da ya fi ƙarfi wanda ba ya zubar da maki, kowa ya kwafa daga wurinsa. Shi ya sake ɗaukar kofin gasar. Orrin ya zo tsakiyar jerin sakamako, bai taɓa kai nan ba.

Wata mata da ta tuƙo mota tun daga garin Duluth ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, ba kai ne mai raguna ba? Ina suke?"

Ya ce, "Suna hutu."

A hanyar gida ƙanƙara na zuba, ni ke tuƙi. Can ya ce, "Yini guda kamar da kaina nake ta wasa. Ina jin baɗi ba sai na je ba."

Bai kai ƙarar kowa ba, ba halinsa ba ne. Na dai ga bai jefar da kwalin ba, kuma robar gam tana nan kan teburinsa.

To Tad, da kai da sauran 'yan kwamiti nake. Kun kafa doka don dodannin mutum ɗaya, dodannin sun sake riga sun dawo, raguna kuka kora. Ku daina rage maki a kan maimaici kawai, ku buɗe akwati ku dubi abin da ke ciki. Kuma ku gaya wa Orrin da bakinku kafin sanyi ya shigo, don mayar da wadannin nan kan raguna ba aikin mako ɗaya ba ne.