Ranar da Aka Yaye Wa Motar Mayafi

Wata rana a ƙasar Turai, wani kamfanin tseren motoci ya tara jama'a zai nuna sabuwar motarsa ta bana.

Cikin injiniyoyin akwai ɗan Malumfashi guda, Nazifi. Maraya ne. A hannun yayarsa Hindatu da mijinta Malam Sabi'u ya tashi.

Aikinsa fiffiken gaban motar, wanda ke danne ta a ƙasa in ta ɗauki gudu. Duk tsawon sanyin nan a kansa ya ƙare. A zana, a ƙera, a hura masa iska a gwada, a ce bai yi ba, a koma farko.

Aikin sirri ne, don kada abokan hamayya su ga zanen. Waya ma a bakin ƙofa ake ajiye ta. In ya fito a gajiye ya tarar Yaya ta kira, sai ya tura saƙo: "Zan neme ki in mun gama."

Har ta daina kira.

Ranar nunin, aka kashe fitilu, direbobi biyu suka ja mayafin. Sai ga mota tana ƙyalli. Tafi ya cika ɗakin.

Nazifi ya waiga.

Wannan ya ɗora 'yarsa a wuya yana nuna mata inda ya yi aiki. Wancan matarsa ta riƙe masa hannu. Wani tsoho har da hawaye, ya rungume ɗansa.

Kowa da nasa.

Shi kaɗai ne tsaye da kofin lemo, ba wanda zai ce wa "ga nawa".

Ya koma gefe ya kira Yaya ta bidiyo. Ta ɗauka. Ta rame. Bayanta mata ne zaune a tabarmi.

"Yaya, mun gama! Taron me ake yi a gidan?"

"Addu'ar arba'in ɗin Malam ce, Nazifi."



"Malam ya rasu? Ba wanda ya gaya mini!"

"Na kira ka ranar. Ka ce za ka neme ni in kun gama. Wannan ba maganar da zan rubuta maka ba ce, ni kuma na hana kowa ya gaya maka." Ta goge ido da gefen hijabi. "Juyo wayar in ga motar. Kullum sai Malam ya tambaya ko ta tashi."

Ya juya wayar.

Washegari za a kai motar filin gwaji a wata ƙasa. Nazifi ya shaida wa shugabansa rasuwar, ya hau jirgin gida.

A tsakar gidan Yaya ya kalli gwajin a waya. Motar ta yi gudu lafiya lau. Da aka nuno injiniyoyi, a kujerarsa wani ne zaune, sanye da abin sauraronsa a kunne.

Ya kashe wayar, ya tambayi hanyar kabarin.

Darasi: Wurin aiki zai sami madadinka kafin gari ya waye. 'Yan uwanka kuwa ba su da wani kamarka. Duk wanda kake ce wa "sai na gama", ɗaga waya ka kira shi yau.

Ka tura wa wanda aiki ya ɗauke muku shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.