Matmurar Ishaku

Faɗa mafi muni da na yi da Ishaku, ɗan ƙanena, a kan banki ne, a farkon mulkin sojan Inkaz. Ya same ni ina tuyar ƙosai a bakin kasuwar hatsi ta Gadarif, ya tsuguna yana washe baki kamar wanda aka biya wa Makka. Wai ya daina cin shel, wato ɗan kasuwa ya ba ka guzurin damina ka biya shi da hatsi a kaka, don malamai sun ce da haram a ciki. Yanzu banki ya zo da salam: su sayi dawarka tun ba ka shuka ba, kuɗi a hannu, da kaka ka kai musu buhuna. Halal tsantsa, in ji shi, har a hadisi akwai.

Na ce ni ban ja da hadisi ba. Amma ɗan kasuwa na san gidansu, in ya matsa maka sai in yafa mayafi in je in yi wa uwarsa kuka.

"Shi bankin nan naka, ina uwarsa take?"

"Gwaggo, ke dai bakinki," ya ce, ya kakkaɓe riga ya tafi. Damina guda bai ci ƙosaina ba.

Ishaku ba rago ba ne. Tun gemu bai fito masa ba yake yankan riɗi a Fashaga, da gumin lauje ya kama hayar gona. Shekarar farko kuwa salam ya karɓe shi, ya kai buhuna cif, ya rufa wa matarsa Atine ɗaki da kwano. Shekara ta biyu kuɗi suka lalace, farashin da suka yanka da shuka ya zama abin dariya da kaka. Ta uku ruwa ya ɗauke dawa na fitar da kai. Banki ya ce buhunansa, ko ya sayo a kasuwa. Da me? Suka kai takardar da ya sa wa hannu gaban alƙali, aka rufe shi, wai sai ranar da ya biya.

To, Ishaku shi ke riƙe da matmurar unguwarmu, kamar yadda ubansa ya riƙa. Rami ne mai zurfi a gona, inda mu zawarawa da tsofaffi muke zuba dawar da muka yi kala a bayan masu girbi, shekara da shekaru, saboda ranar yunwa. Mai riƙo shi ke karɓa a ƙofar gida, shi kaɗai ke kaiwa, ya rufe bakin ramin ya baje ƙasa. Ba wanda ya san wurin sai shi, don ɓarayi.

Mata suka taru a gidana, suka ce a buɗe matmurar a kai wa banki, Ishaku ya fito. Aka aike ni sijin, wato kurkuku. Na same shi cikin manoma irinsa, har da masu tarakta, kowa ya rame. Na faɗa masa. Ya ce a'a. Dawar marayu ce, bai zuba ko tsaba ba, kuma ga shekarar yunwa ta kama. Na zage shi tas, na ce masu abu sun yafe, kai wa ya naɗa ka alƙali? Na haɗa shi da 'ya'yansa. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Muka shiga gonar da sanduna muna caccaka, ni da Atine da sauran mata. Baƙar ƙasar nan ta tsage ko'ina, duk rami ɗaya. Muka haƙura.

Da bazara ta yi tsanani, yara suka fara kwana da ruwan kuka, Ishaku da kansa ya aiko a kira ni. Ya ce zai faɗa mini wurin, amma sai na dafa Alƙur'ani cewa ko mudu ba zai je banki ba. Na dube shi. Na san in na rantse, na ƙara wa ƙofar nan kwaɗo. Na san kuma abin da na baro a unguwa. Na dafa.

Muka riƙa kwasowa a kan jaki, kaɗan-kaɗan, kamar masu ɗebo ƙasar yaɓe, kada a ce dukiyarsa ce a ƙwace. Unguwa ta ci har sabon hatsi. Shi kuwa tari ya kama shi, damina ta biyu ba ta ƙare ba ya rasu a kurkukun.

Zuwana na ƙarshe na kai masa tuwo a kwano. Ya tambaya ko dawar ta yi tsami a rami, ko kowa ya sami rabonsa, har da Ummusalama makauniya. Na tura masa kwanon ta ƙasan ƙofar ƙarfen.

"Kowa ya samu, mai taurin kai. Kai kaɗai ka rage. Ci, tun da zafi."