Bugun Zuciyar Mutanen Jibiya

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya aka tura ni ƙaramin asibitin Jibiya, in yi wata uku ina sanin makamar aiki. Zamanin kuɗin fetur ne, manyan motoci sai kaiwa da komowa suke tsakaninmu da Maraɗi. Ni kuwa ba ta su nake ba. Babban malamin asibitin wani dattijo ne marar yawan magana, kuma sai ya sa hannu a littafina zan wuce aji na gaba. In ya ƙi, na maimaita shekara. Tsoronsa nake ji sosai, ko abinci ba ya min daɗi.

Aikina na safe auna bugun zuciya ne: in kama tsintsiyar hannun marar lafiya, in dubi agogon da ke maƙale a rigata, in ƙirga. Sai na lura da wani abin mamaki. Duk wanda na kama, zuciyarsa gudu take. Direba, ɗan dako, manomi daga garin Bugaje, har tsohuwar da ciwon ƙafa kawai ya kawo ta. Ni da shegen bin diddigi, na shiga neman dalili. Goro ne? Ko fargabar 'yan kwastan? Har tambayarsu nake abin da suka karya da shi. A raina na gano cutar da babu ita a littafi.

Rannan wani ƙaton direba ɗan Maraɗi ya miƙo min hannu yana gyangyaɗi, amma a lissafina zuciyarsa kamar ta wanda kare ya biyo. Na kasa haƙuri, na kai wa dattijon labari. Ya zo ya tsaya a kaina, ya ce in sake.

"Ɗiyata, da wane yatsa kike dannawa?"

"Da babba, Baba."

"Ai babban yatsa jijiya gare shi mai bugawa. Wanga bawan Allah lafiya lau yake. Naki kike ƙirgawa, kina rubuta ma mutane."

Kunya ta rufe ni, na ce shi ke nan, shekara ta tafi. Sai ya kama hannuna da yatsu uku, ya zuba wa agogonsa ido. Da ya gama ƙirgawa, ya ɗago ya dube ni.

"Mi ya koro ki haka?"

"Ku ne, Baba," na ce, hawaye na zubo min.

Ya saki hannun a hankali. Littafin dai ya sa masa hannu a ƙarshe. Amma daga ranar har na bar Jibiya, kullum da safe ni yake fara aunawa kafin a kira kowa.