Awuor, Wadda Ta Sa Muka Dangwala Mu Duka

Malama Gaudensiya Akoth ce ke rubuta mini wannan, don ni Dorkas Aoko ban taɓa zama a aji ba. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara mini baki.

Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, da hantsi muna shanya omena, ƙananan kifin nan, a bakin tafki, aka zo aka ce Perpetua Awuor ta rasu. Hawan jini ne. Sai ganina na yi zaune a kan yashi.

Awuor, shekara goma sha ɗaya kina shugabar ƙungiyarmu ta mata masu sayar da kifi. Ke kika sa muka shiga inshorar lafiya, muna ta gunaguni. Amma ba wannan zan faɗa ba, kowa ya sani. Zancen Risper zan yi.

'Ya'ya huɗu na haifa. Ƙanjamau ta ɗauki uku, da hannuna na wanke su. Risper kaɗai ta rage mini. Mijinta masunci ne, sai ya yi wata uku a tsibiri, kuma duk mun san zaman tsibiri da matan can. Yarinyar nan lafiyarta ƙalau, tana shan ƙwayar rigakafin ƙanjamau kullum a ɓoye. Rannan ya ji ƙarar kwalbar a cikin garin masara inda take ɓoye ta, ya ce so take gari ya ce gidansa akwai ciwo, ya wurga kwalbar tafki.

Na zo miki ina kuka. Kika ce, "Maman Risper, share majinar nan, kina kore mini masu saye. Akwai allura yanzu, sau biyu a shekara. Allura ba ta ƙara a cikin gari."

Allurar ba ta iso asibitinmu ba, sai wani na kuɗi a birnin Kisumu. Masu inshora kuma suka ce su mara lafiya suke biya wa, ba mai lafiya ba. In ana so su duba, sai mace ta rubuta sunanta da dalilinta. Risper ta ce gara ta haƙura, don takarda ba ta riƙe sirri a garin nan.

Sai kika tara mu a ƙarƙashin mangwaro, mu arba'in da uku. Kika ce kowace za ta dangwala yatsa cewa tana son allurar, dalili kuma ɗaya: muna zaune a bakin tafki. Kika ce, "In duk mun jiƙe, wa zai nuna wadda ta faɗa ruwa?" Na dangwala, ni da ba ni da haƙori ko ɗaya a sama.

Muka tafi ofishinsu da takardar. Kika ɗauki kwandon omena, wadda ba ta gama bushewa ba, kika ajiye a ƙarƙashin fankarsu. Saurayin da ke teburin ya duba sunaye, ya dube ni.

"Kaka, har da ke?"

Kika ce, "Kai ɗana, ka raina ta ne? Jiya ma wani mai kwalekwale ya ba ta kifi kyauta."

Ya yi dariya har da tari, ya ce shugabansu ba ya nan. Kika ce ba komai, mu da kifinmu ba ma sauri. Sau biyar muna zuwa, kullum da kwando. A na biyar shugaban ya fito da hankici a hanci, ya karɓi takardar da kansa.

Abin da ban manta ba, lambar wayar da ke kan katin inshorar Risper ta mijinta ce. Ke kaɗai kika tuna. Kika sa suka goge, suka sa tawa.

Saƙo ya shigo wayata kina kwance a asibiti. Ban iya karatu ba, kuma ban yarda kowa ya gani ba. Kwana uku ina yawo da shi a ƙulle a bakin zane, kafin aka bar ni na shiga wurinki. Rabin bakinki ya karkace, amma kika karanta, kika ce, "Tsohuwar banza, sun yarda tun ran Juma'a! Me kike jira? Tashi ki kai ta."

Na kai ta, Awuor. Ran Litinin aka yi mata allurar, ita da mata goma sha tara. Ba wanda ya nuna ta da yatsa. Na so in zo in gaya miki ran Laraba in na gama shanya.

Allah Ya ji ƙanki, Ya yafe miki, Ya ba ki wurin hutawa mai sanyi. Mijinki Jaduong Ochola, da 'ya'yanki Akinyi da Omollo, da mutanen Gem da suka haife ki, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu ma a yi mana gaisuwa, mu ma mun yi rashi.

Malama, ajiye biron haka. Na gaji.