Jaririn Cikin Talabijin Ba Ya Kuka

Shekara ashirin Gwaggo Mai Kitso ta yi a shagonta mai kujera uku, da madubin da ya tsage a kusurwa, da talabijin rataye a bango. Hannunta sauri, bakinta ya fi hannun sauri. In ta matse kanki tsakanin gwiwoyinta, to sai kin ji abin da ba ki tambaya ba.

A talabijin ɗin nan ake nuna wani wasa da ya sace hankalin 'yan matan layin. 'Yar makaranta ce ta yi ciki da wani mai mota, sati biyu aka gan ta tsaf-tsaf da jariri yana murmushi. Auta, 'yar ƙanin Gwaggo mai shekara sha biyar, ta kwashe tafiyar yarinyar da fari da idonta kaf. Har ta samu nata mai motar, ya ce ranar Asabar da la'asar zai zo ya ɗauke ta. Gwaggo ta ji labari.

Ranar da hantsi Auta ta shigo tana yanga. "Gwaggo, irin kitson ta cikin wasan nake so."

"An gama, 'yar gari! Amma ita da jariri take, ai sai a yi kamar gaske."

Gwaggo ta leƙa maƙwabta ta aro ɗan matar tela, wanda haƙori ya hana shi sakat, ta dire mata a cinya.

Awa uku! Ya tsala ihu, ya yi mata tumbuɗi a sabuwar riga, ya biyo da fitsari. Auta ta jijjiga har hannunta ya sage, ga kai a matse babu halin tashi.

"Wayyo Gwaggo, na wasan ba ya haka!"

"Na wasan in an kashe kyamara uwarsa ake miƙa wa. Ni da na haifi nawa, ba wanda ya karɓa. Sa'arki ce ni lokacin, ina aji uku, ban sake ganin ƙofar makaranta ba." Abin har yau yana mata ciwo.

La'asar ta yi, mota ta yi ta hon a bakin layi har ta gaji ta wuce. Auta ba ta ko ɗaga kai ba.

Can ta ce a hankali, "Gwaggo, gobe in kawo littattafaina mu riƙa karantawa tare?"