Casilda da Shekarar da Yesu Bai Shigo Lungunmu Ba

Kafin in fara kuka, ku masu karatu ku ba ni amsar wannan. Abu ne da ake yi a durƙushe har gwiwa ta kumbura. In an tattake shi, mai shi ta gode wa Allah. In an bar mata shi lafiya lau, ta kwanta ciwo. Mene ne? Ku riƙe, zan dawo kanku.

Casilda Xicay ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga Afrilu, da hantsi, a ɗakinta da ke Lungun Majema, tana da shekara saba'in da tara. Likita ya ce zuciya ce. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai tambayi abin da ya taɓa zuciyar ba. Ni Remigia, maƙwabciyarta ta shekara hamsin, na sani. Tunda an ba ni shafi a takardar cocin nan, zan faɗa.

Casilda ƙawata, kin san ban iya yabo ba. Kofinki ruwa-ruwa ne, muryarki a coci tantabaru take kora. Amma duk Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, tun gari bai gama wayewa ba kina durƙushe a tsakar lungu da rariya a hannu, kina barbaɗa garin katakon da kika rina, ja da ɗorawa da shunayya, har ƙasa ta zama shimfiɗar furanni da inabi. Yatsunki ba sa komawa kalarsu sai watan Mayu. Da rana maza su shigo da surar Yesu mai ɗauke da gicciye a kafaɗunsu, su bi ta kai, aikin ya watse kafin a ƙare addu'a ɗaya. Ke kuwa kina tafi kamar an ba ki kyauta.

Na taɓa ce miki, "Ke, wahalar mako guda don ƙattai su tattake?"

Kika ce, "Remigia, tamal ɗin nan, alalen masarar da kike dafawa, don a ajiye a yi kallo kike yi?"

Bayan sun wuce sai ki kwashi garin da aka taka a ƙyalle, ki bi gidajen waɗanda ciwo ya hana fitowa, ki ba kowa ɗan ƙulli. Ke ce kuma kike sa a ɗauko gadon Tiburcio magini, wanda ya faɗo daga rufi shekara tara da suka wuce, a ajiye a bakin ƙofarsa. Sau ɗaya a shekara fuskar Yesu tana wucewa dab da tasa. A kan wannan ranar yake lissafin rayuwarsa.

Bana ƙungiyar masu ɗauka ta sassaƙo sabon dandamalin da ake ɗora surar a kai, mai mutum tamanin, mai kwalliya har kan ƙusa. Da aka auna, ya fi ƙarfin kwanar lungunmu. Sai aka mayar da hanya babban titi, inda otal-otal suke da baranda, inda masu talabijin suke kafa ƙarafansu. Muka je wurin shugaban ƙungiyar, Evaristo.

"Doña Remigia, zamani ne," in ji shi. "Duk duniya za ta ga Ubangijinmu a waya."

"Tiburcio ba shi da waya. Ƙofa gare shi."

"Ku kai shi babban titi mana."

"Da gadon? Evaristo, ni na share maka majina da bakin zanena. Yau ni kake wa bayanin zamani?"

Ke kuwa, Casilda, sai kika juya. Kika koma kika yi shimfiɗarki, wadda ta fi ta kowace shekara. Kika ce, "Zai zo. Ya san hanya." Muka fito da gadon Tiburcio. Muka ji ganga tana matsowa, muka ji ƙamshin turare, sai ta karya kwana ta yi nisa. Tiburcio ya daɗe yana kallon bakin lungu, sannan ya ce, "'Yan mata, ku mayar da ni ciki, rana ta yi zafi."

Da yamma wasu baƙi suka ɓato hanya suka faɗo lungun. Suka ɗauki hoto, suka ce wannan ce ta fi kyau a garin, don ba wanda ya ɓata ta. Kin yi musu murmushi. Kwana uku kina zaune a bakinta kin hana a share, har ruwan sama ya kwashe ta zuwa kwata.

Ni karatuna bai wuce aji uku ba, amma abin da Fada yake karanta mana a coci ina ji. Wanda aka haifa a wurin dabbobi, wanda ya shiga birni a kan jaki, wanda aka fasa rufin gida aka zuro masa shanyayye, yau shi ne ya yi faɗin da ba ya shiga lungun talaka? Ba shi ya yi ƙiba ba. Ku 'yan ƙungiya kuka ƙara masa katako. Kun mai da shi abin kallo, mu kuma mun san shi baƙo ne mai zuwa gida, mai barin sawu a ƙofa. Tsohon dandamalin yana nan a bayan coci, kaji suna kwana a kai. Mutum ashirin suke ɗaukarsa, kuma bai taɓa ƙin wata kwana ba.

Ranar jana'izarki matan lungu muka yi miki shimfiɗa. Ta karkace, inabina ya fito kamar dankali, da kin gani da kin yi mini tsiya. Evaristo ya zo da baƙin takalmi mai ƙyalli, ya kama kusurwar akwatinki. Da suka iso sai ya fara raɓewa ta gefen bango, wai kada ya ɓata.

Na ce, "Taka mana, ɗan nan! Don me muka yi?"

Ya taka. Ya fita lungun takalminsa jawur, idonsa ma haka. Na kwashi garin a ƙyallenki na kai wa Tiburcio. Bai tambaye ni ko wa ya taka ba, ya sa a ƙarƙashin matashi.

Ranar Lahadi ƙungiya za ta zauna kan hanyar baɗi. Evaristo, rariyar Casilda tana hannuna, kuma zan zauna a kujerar gaba. Tiburcio yana da shekara tamanin da ɗaya, ba shi da Juma'o'in da zai ba ku aro.

Ubangiji ya ji ƙanki, Casilda, ya ba ki hutawa ta har abada, haskensa ya haskaka miki. Ya gafarta miki kurakuranki, ni ma ya gafarta mini bakina. Ina yi wa 'yarki Hermelinda da ɗanki Anselmo da jikoki shida ta'aziyya, da duk Lungun Majema. Allah ya ba mu haƙuri, amma kada ya ba mu mantuwa.

Amsar tambayar kuwa, shimfiɗar garin katako ce ta Juma'a Mai Kyau. Don a taka ake yin ta.